Dakon Barewa a Kan Bishiya a Tuddan Wiskonsin

Ƙanena, autan gidanmu, likitan dabbobi ne a jihar Wiskonsin ta Amurka, aikinsa zagaya gonakin shanun madara a kudu maso yammacin jihar. Da na ce masa ina nan tafe, sai ya ce in dai zan zo, to in daidaita zuwana da watan Nuwamba, kafin Asabar ɗin da ake buɗe farautar barewa da bindiga. Na ce, "Auta, sanyin fa?" Ya ce, "Yaya, riguna akwai. Ka dai zo."

Na sauka a filin jirgin O'Hare na Shikago, na hau bas zuwa Madison, tafiyar kamar awa uku. Daga can muka kama babbar hanya mai lamba 14 muka yi yamma. Muka ƙetare kogin Wiskonsin a kusa da Spring Green, muka wuce Richland Center, muka nufi wajen Viroqua a gundumar Vernon. Tun kafin mu yi nisa ƙasa ta canza. Shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, sai tuddai masu kaifin gangare da kwaruruka masu zurfi, gonakin masara a doron tudu da gindin kwari, daji kuma ya rufe duk gangaren da garma ba ta iya hawa. Ƙanƙarar da ta mamaye arewacin nahiyar dubban shekaru da suka wuce ta baje ƙasa kusan ko'ina a jihar, amma ta kauce wa wannan yanki, shi ya sa tuddansa suke nan yadda ruwa ya sassaƙa su. Wanda zai fahimci yadda mutanen nan ke zaɓen bishiyar da za su hau, sai ya fara riƙe wannan gangare a ransa, domin kusan komai a kansa ya rataya.

A kowane ƙauye muka ratsa, riguna masu launin ruwan lemo ne a shanye a ƙofar gidaje, ana so iska ta kwashe musu warin gida. Doka ce: duk wanda zai yi farauta a kwanakin bindiga, aƙalla rabin suturarsa daga ƙugu zuwa sama ta zama wannan launi mai kashe ido, ko kuma ruwan hoda mai haske, wanda aka halatta a 2016. Kwana tara ake yi, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a Nuwamba zuwa Lahadin bayansa, kuma mutum sama da rabin miliyan ke yankar lasisi. 'Yan baka su sun riga sun fara tun tsakiyar Satumba. Ni da na tashi ina ganin farautar rani ta gayya, da karnuka da gora da kiɗa da ƙura, na ɗauka zan tarar da hayaniya. Abin da na tarar ya fi kusa da aikin maharbin da ke dako shi kaɗai a bakin mashaya, sai dai su a nan sun mayar da dakon kan bishiya.

Gonar da muka sauka ta wani dattijo ce da ƙanena ya daɗe yana duba masa shanu. Ya haura saba'in, ya sayar da garken, ya ba da hayar filayen noma, amma dajin yana hannunsa. Ni ban da lasisi, saboda haka tun farko aka yi magana cewa ba zan riƙe bindiga ba, zan zauna kawai in gani. Aikin farko da aka sa ni a ciki shi ne zagayen duba mazaunan dako da aka kafa a kan bishiyoyi kafin ranar buɗewa, kuma a wannan zagaye na koyi mafi yawan abin da zan faɗa.

Na farko da muka isa yana bakin gonar masarar da aka girbe, jingine da wata katuwar bishiyar oak. Tsani ne na ƙarfe, a samansa kujerar mutum biyu da madogarar bindiga, tsayinsa ƙafa 15, wato kamar mita huɗu da rabi. An ɗaure kansa da jikin bishiya da ɗamara mai maƙulli, sannan akwai sandar ƙarfe da ta tokare tsakiyar tsanin don kada ya lanƙwashe. Dattijon ya ce nan zan zauna tare da shi. Irin wannan mai tsani shi ne mafi sauƙin hawa da mafi daɗin zama, shi ake ba baƙo da yaro da mai ciwon gwiwa. Aibinsa nauyi. Mutum ɗaya ba ya kafa shi, masu ƙera shi ma mutum uku suke cewa a tara, domin lokacin da aka jingina shi ba a riga an ɗaure kansa ba, shi ne lokacin da yake juyewa da mutum. In ka kafa shi, to ya zauna ke nan har ƙarshen kaka, ko iska ta juya ko barewa ta canza turba. Tsofaffin matan barewa kuwa suna gane shi. Dattijon ya nuna mini wata turba da ta baro tsohuwar hanya ta yi kwana, ta bi ta bayan wasu ƙayoyi nesa da tsanin, ya ce shekarun baya ba ta nan take ba.

Daga nan muka gangara cikin daji zuwa mazaunin ƙanena, kuma a nan magana ta yi tsawo. Nasa irin na ratayawa ne: ɗan dandamalin ƙarfe da bai wuce wurin tsayuwar mutum ɗaya ba, da 'yar kujera mai naɗewa, ana ɗaure su a jikin bishiya. Matakan hawa daban suke, sanduna gajeru masu mataki biyu ko uku, kowace da igiyarta, ana ɗaura su ɗaya bisa ɗaya. Amfaninsa shi ne ba ya zaɓen bishiya. Karkatacciya ce, mai rassa ce, mai rabuwa biyu ce, duk zai zauna. Mafarauci ne ke zaɓen wuri, maimakon ya je yana neman bishiyar da za ta dace da kayansa. Ƙanena ya rataya nasa a kan wata farar oak da ta rabu uku a sama, ya zauna a tsakanin rassan, ta yadda daga ƙasa ba ka bambance mutum da kututture.

Na ɗaga kai na tambaye shi ƙafa nawa ne. Ya ce ashirin da biyu in an auna daga gindi. Dattijon ya girgiza kai ya ce awon gindi ba ya gaya maka komai a kan gangare. Ya kai ni turbar da ke sama da bishiyar, inda barewa ke bi in sun fito daga makwancinsu, ya ce in tsaya in duba. Daga wurin, dandamalin bai fi ƙafa goma sama da kaina ba. Sannan muka sauka turbar ƙasa, sai ga shi can sama kamar ƙafa talatin da wani abu. Bishiya ɗaya, mazauni ɗaya, amma barewar da ta biyo ta sama tana kusan haɗa ido da kai, wadda ta biyo ta ƙasa kuwa gadon bayanta kawai kake gani. Shi ya sa a ƙasar nan ba a fara tambayar tsayi sai an san ta ina dabbar za ta ɓullo.

Dalilin hawa sama guda uku ne, in ji shi. Na farko ido. Idon barewa a gefen kai yake, tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba. Ruwan lemon rigarka bai dame ta ba, domin idonta bai cika rarrabe ja da ruwan lemo ba, shuɗi ta fi gani, amma ƙaramin motsi ba ya wuce ta. In kana sama, ka fita daga layin da take yawan dubawa. Na biyu, kai ma kana ganin nesa, sama da ciyayi da ƙayoyi. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: harsashin da aka harba daga sama ƙasa yake nufa, ba ya wuce dabba ya tafi neman gidan maƙwabci. Na uku shi ne wari, kuma a nan mutane suka fi ruɗin kansu.

Ƙanena ya ciro wani ɗan kwanso daga aljihu, ya fizgo farar audugar wata ciyawa 'yar'uwar tumfafiya, ya saka ta a iska. Da hantsi ne, rana ta fara dukan gangaren. Audugar ta tashi ta bi tudu ta yi sama. Ya ce, "Yaya, in muka dawo da yamma, ƙasa za ta yi." Haka kuwa abin yake. In rana ta ɗumama gangare, iskar da ke kansa tana hawa. In inuwa ta rufe shi, iska ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangara kwari ta tafi da warin duk wanda ke sama. Saboda haka mai zaman safe, bayan rana ta fito, ya fi son ya kasance sama da turba, mai zaman yamma kuma ƙasa da ita. Da sassafe kafin rana ta taɓa gangaren, iskar tana nan tana gangarawa tukuna, wannan ma sai an lissafa shi. Gindin kwari kuwa, duk da yawan sawun da ke cikinsa, dattijon ya hana a rataya komai a can, domin iska jujjuyawa take yi, ta kai warinka gabas yanzu, an jima ta kai shi yamma. Tsayi yana taimakawa warin ya wuce ta kan dabbar da ke kusa, amma ba ya gyara bishiyar da ke wurin da bai dace ba. Ko ƙafa talatin ka hau, in iska daga kanka take zuwa makwancinsu, aikin banza ka yi. Za ka ji wata tsohuwa ta buga ƙafa, ta yi huci mai ƙarfi, ta ɗaga farar wutsiyarta, kuma duk dajin ya san kana nan.

Ƙanena yana da ra'ayin ƙara hawa. Ya ce tunda ganye ya zube, mutum a fili yake, yana so ya ƙara sanda ɗaya ya kai ƙafa ashirin da bakwai. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A Satumba, da ganye a cike, ƙafa goma sha biyu ko sha biyar sun isa, har ma in ka wuce haka ganyen ne zai tare maka gani. A ƙarshen Nuwamba kuwa daji tsirara yake. Amma dattijon ya ce ya dubi abin da ke bayansa. A ƙafa ashirin da biyu, rassa uku ne ke rufe shi, ga busasshen ganyen da oak ke riƙewa har cikin hunturu. In ya ƙara biyar, ya fito daga cikin rassan, ba abin da ke bayansa sai farin sama, kuma barewar da ta ɗaga kai za ta ga dunƙulen da babu shi jiya. Gara ƙafa goma sha biyu a cikin duhun bishiyar al'ul da ƙafa talatin a kan sandar da ba reshe.

Sai kuma maganar kwanar harbi, wadda ta fi shafar 'yan baka, kuma ƙanena yana harbi da baka a farkon kaka. Abin da mafarauci ke nema shi ne kibiya ko harsashi ya ratsa huhu biyu, dabba ta faɗi nan kusa ba tare da doguwar wahala ba. Daga gefe, huhun biyu suna jere, ɗaya a bayan ɗaya. Da zarar ka yi sama sosai, kana kallonsu daga bisa, ƙashin baya da allon kafaɗa sun rufe wani sashe, wurin da za ka nufa ya ƙanƙance. Lissafin a fili yake: in kana ƙafa ashirin sama, barewa tana yadi ashirin daga gindin bishiya, kwanar ba ta kai digiri ashirin ba. In ta matso yadi goma, ta haura talatin. In kuma kana ƙafa talatin sama a wannan tazara, digiri arba'in da biyar ne cif. A irin wannan kwana sau da yawa huhu ɗaya ake samu, kuma barewa mai huhu ɗaya tana iya yin tafiya mai nisa ta mutu inda ba wanda zai same ta. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a duk maganar. Dabba ce Allah ya halatta mana, amma bai halatta mana azabtar da ita ba, kuma wanda ya hau can ƙololuwa don kada a gan shi, ya sayi ɓuyansa da wahalar dabbar. Na ce wa ƙanena, "Auta, hangen Dala ba shiga birni ba ne. In ka hau inda kake ganin komai amma ba ka iya harbi mai kyau, me ka samu?" Ya yi shiru, ya bar sandar a ƙasa.

Mazauni iri na uku a cikin rumbun ajiya na gan shi, ƙanena ya fito da shi ya gwada mini a wata miƙaƙƙiyar bishiya a bayan gida. Kashi biyu ne, na zama da na tsayuwa, kowanne da kebul da ke zagaye bishiya da haƙoran da ke cizon ɓawo. Mutum yana ɗaga na sama, ya dogara a kansa, ya jawo na ƙasa da ƙafafunsa, ya taka, ya sake ɗaga na sama, da haka har ya kai inda yake so. Ana goya shi a baya, nauyinsa kamar kilo tara ko goma, kuma kai ke zaɓen tsayinka a ranar. Amma shi yana da zaɓen bishiya ƙwarai: sai miƙaƙƙiya, marar reshe har zuwa inda za ka tsaya, ba siririya ba, ba ƙatuwa ba. Mai santsin ɓawo kamar asfen tana iya zamewa da kai, balle in raɓa ta daskare a kanta. Mai ɓawo da ke ɓamɓarewa kamar hikori tana ƙara, kuma haƙoran ba sa samun wurin kamu. Dole a haɗa kashi biyun da igiya, domin in na ƙasa ya suɓuce ya gangara, an bar ka a rataye. Ga kuma abin da kowa ke koya da wuri: bishiya tana sirancewa in ana hawa, don haka tun a ƙasa ake karkata dandamalin sama kaɗan, ya zo ya daidaita a can.

Masu farauta a filayen gwamnati su suka fi amfani da irin wannan da na ratayawa marar nauyi. A filayen da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, take riƙe da su, ba a yarda a huda bishiya da matakala mai noti ba, kuma kudu da babbar hanya mai lamba 64 sai ka sauke mazauninka kowace rana in an tashi. Matasa da yawa yanzu sun koma wani abu da suke kira sirdi: ɗamara ce da mutum ke zama a cikinta, an ɗaure ta da igiya a jikin bishiya, ƙafafunsa a kan ɗan mataki, fuskarsa tana kallon kututture, yana iya zagaya shi ya ɓuya a bayansa. Jikan maƙwabcin dattijon yana da shi, na gan shi a rataye, ban dai ji sha'awar gwadawa ba.

Kafin mu koma gida ranar zagayen, akwai wani mazauni da dattijon ya sa aka sauke gaba ɗaya. A kan bishiyar ash yake. Wani ƙwaro mai launin kore da aka fara gani a jihar a 2008 yana cin ƙarƙashin ɓawon irin wannan bishiya yana kashe ta, kuma matacciyar ash saurin karyewa gare ta. Ya nuna mini inda ɓawon ya yi fari-fari saboda tsuntsaye masu saran itace sun bi tsutsar. Ko kallon sama bai yi ba ya ce ba wanda zai sake hawa wannan. Sauran mazaunan kuma duk an canza musu ɗamara. Rana da ruwa da ƙanƙara suna cinye zaren, kurege yana gwaguyarsa, bishiya kuma tana ƙara kauri tana ja. Ɗamarar da ta kwana shekara a waje tana iya yin kyau a ido, ta tsinke ranar da aka taka.

A jihohi da dama, faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure jikkata mafarauta. Wanda ya faɗo daga ƙafa ashirin, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake isa ƙasa, da gudun kusan kilomita 40 a awa, a kan daskararriyar ƙasa da duwatsu. Yawancin faɗuwar kuma ba a zaune take faruwa ba, a wajen hawa ne da sauka da lokacin da mutum ke ɗaga ƙafa daga matakin ƙarshe zuwa dandamali. Saboda haka a gonar nan kowace bishiya tana da igiya mai kauri da ta sauko daga saman mazauni har ƙasa, da wani ƙulli a jikinta da ake kira Prusik, wanda ke zamewa in ka tura shi da hannu, ya cije in nauyi ya faɗa masa. Tun kana ƙasa kake maƙala ɗamarar jikinka a ƙullin, irin ɗamarar da ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, ba ta ƙugu kaɗai ba. Ba ka kwancewa sai ƙafarka ta sake taka ƙasa. Bindiga ba a hawa da ita. Ana cire harsashi, a ɗaure ta da wata siririyar igiya bakinta yana kallon ƙasa, in an zauna a jawo ta. A aljihun ɗamarar akwai wani ɗan madauri da mutum zai taka in ya faɗo ya rataya, domin rataya a ɗamara na tsawon lokaci yana tara jini a ƙafafu har mutum ya suma. Dattijon ya ce yana da aboki da suka yi makaranta tare, wanda yau a keken guragu yake, kuma daga ƙafa goma sha biyu kawai ya faɗo. Shi kansa ya daina hawa na ratayawa tun da gwiwarsa ta fara ciwo. Ya koma mai tsani, kuma ya riga ya gina wani ɗan ɗakin katako a ƙasa a bakin gonar ciyawar dabbobi ta alfalfa, inda ya ce zai koma in tsanin ma ya gagara. Bai faɗi haka da baƙin ciki ba. Ya ce ya kashe barewa daga ƙasa tun kafin a fara sayar da waɗannan ƙarafa.

Ranar Asabar muka yi sallar asuba a ɗakin da aka sauke mu, muka fita da fitilar goshi. Sanyin ya wuce na daskarar da ruwa, ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Na maƙala ɗamarata a igiya, na hau a hankali, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya a jikin tsani kowane lokaci, yadda aka koya mini. Ƙafa goma sha biyar a faɗe ba komai ba ne, amma a cikin duhu, da kaya masu nauyi da yatsun da suka sandare, na gane dalilin da ya sa dattijon ba ya wasa da igiya.

Doka ta yarda a fara harbi minti talatin kafin fitowar rana, a daina minti ashirin bayan faɗuwarta. Lokacin yana cika muka fara jin ƙarar bindiga daga tuddai masu nisa, ɗaya nan, ɗaya can. Da gari ya waye sosai, wani garken talo-talon daji ya sauko daga bishiyoyi ya bazu a gonar. Dattijon ya raɗa mini cewa lokacin yana saurayi kusan babu su a jihar, sai a 1976 aka kawo su daga Mizuri aka sake su a wannan gunduma. Can sai ga mace da 'ya'yanta biyu sun fito daga daji, suna tsintar masarar da injin girbi ya zubar. Iska tana busowa daga gonar zuwa fuskarmu. Sun zo har kamar yadi talatin. Uwar ta ɗaga kai ta dubi tsanin, ta daɗe tana dubawa, mu kuwa ko ƙifta ido ba mu yi da ƙarfi ba, ga faɗin kututturen oak a bayanmu. Ta sunkuya ta ci gaba da kiwo. Dattijon bai ɗaga bindiga ba, ya ce ranar farko ce, ba ya gaggawa.

Wajen ƙarfe tara, bayan rana ta hau gangaren, muka ji harbi ɗaya daga wajen farar oak. Ba a ƙara na biyu ba. Ƙanena ya turo saƙo cewa namiji ne, ya faɗi yana gani. Muka sauke bindigar dattijon da igiya, muka sauka, muka gangara. Ta turbar ƙasa ya biyo, a tazarar kamar yadi sittin, inda nisan ya rage kaifin kwanar, iska kuma tana hawa tudu ta ɗauke warin ƙanena daga gare shi. Harsashin ya shiga bayan kafaɗa ya ratsa huhu biyu. Ƙanena ya ce ya yi bisimilla kafin ya danna kunama, ya kuma sauko da wuƙarsa a shirye ko zai tarar da sauran rai ya yanka, amma kafin ya iso rai ya fita. Muka fitar da kayan ciki a wurin, muka ja shi zuwa hanyar tarakta, kuma jan namijin barewa a kan wannan gangare aiki ne na mutum biyu masu ƙarfi.

Ƙanena ya yi rajistarsa ta waya, domin doka ta ba da zuwa ƙarfe biyar na yammacin washegari. Sannan muka kai kan barewar wani wurin karɓar samfur a bakin hanya don a gwada shi. Akwai wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita har ta mutu, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002 kusa da Mount Horeb, kuma ta yaɗu sosai a kudu maso yamma. Saboda ita aka hana zuba wa barewa abinci don jawo ta a yawancin gundumomin jihar, abin da ya sa sanin turba da iska da bishiya ya ƙara daraja. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a ci naman dabbar da aka samu da cutar, don haka aka yanka naman aka sa a firiza aka rubuta masa alama, ba wanda ya taɓa shi. Ina Madison ina shirin komawa gida sakamakon ya fito babu cutar, matar ƙanena ta yi mana dambun nama da cinya ɗaya. Ƙanena kuma ya koma gonar a ƙarshen mako don su sauke na ratayawa su shigar da ɗamaru cikin rumbu kafin dusar ƙanƙara ta yi yawa, su kuma duba wata al'ul da dattijon ya nuna masa a sama da turbar, inda yake ganin ƙafa goma sha huɗu za su isa don farautar baka ta baɗi.